Hoto garau, jadawali wayam: me ke hana risibar dish nuna shirye-shiryen da ke tafe?

Me ya sa za a danna maɓallin EPG a jikin rimot, hoto na tafiya garau, murya na fita tar, amma jadawalin shirye-shirye ya fito wayam, sai layuka babu rubutu, ko wata 'yar jimlar Turanci mai cewa babu bayani? Risibar ce jabu, dish ne ya goce, ko mai haɗawar ne bai iya aikinsa ba? Gardamar nan ba ta ƙarewa a ƙauyukan Kano da Jigawa, kuma ta fi zafi a lokuta biyu: farkon kakar ƙwallon Turai a watan Agusta, sa'ad da masu gidajen kallo ke son sanin ƙarfe nawa za a take leda, da kuma gab da azumi, sa'ad da magidanta ke sayo sabuwar risiba don iyali su bi tafsiri da sallar Harami. Ka zauna a rumfar mai gyara a Ringim ko Bichi ko Gumel ranar kasuwa, da wuya ka tashi ba ka ga an kawo risiba a leda ba, mai ita rai a ɓace.

A mafi yawan lokuta dish ba shi da laifi ko kaɗan, amma shi ake fara taɓawa, kuma daga nan ake mayar da ƙaramar matsala babba.

Daga ina jadawalin yake zuwa?

Ba risiba ke ƙirƙirar jadawali ba, ba kuma a cikinta kamfani ya ajiye shi ba. Bayani ne da ake turowa tare da hoto da murya. Tauraron ɗan Adam da dish ke kallo yana can nisan kilomita kusan 36,000, kuma aikinsa kawai ya karɓi abin da aka harba masa daga ƙasa ya dawo da shi. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Kowace firikwansi a kansa, wato kowane zangon da sigina ke bi, tana ɗauke da tashoshi da dama a haɗe, kuma a cikin abin da take ɗaukowa akwai 'yan bayanan da ido ba ya gani: sunan tasha, lambarta, agogo, da jadawali. Tsarin da risibobinmu ke bi sunansa DVB, an kafa ƙungiyar da ta tsara shi a Turai a 1993, shi ne ma haruffan da za ka gani a jikin kwalin risibarka.

Jadawalin iri biyu ne. Akwai gajere, wanda ke faɗin abin da ake nunawa yanzu da wanda zai biyo baya, shi ne ke fitowa a ƙasan allo in ka danna INFO. Ƙa'idar tsarin ta ce a riƙa maimaita shi aƙalla duk daƙiƙa 2, shi ya sa yake bayyana nan take a tashar da ke turo shi. Sai dogo, na kwanaki masu zuwa, wanda ya fi nauyi kuma yake ɗaukar lokaci kafin ya cika. Tasha na iya turo gajeren ta bar dogon. Tana iya barin duka biyun.

Abin kamar buhun hatsi ne a Dawanau: mai kaya ne ke rubuta sunansa a jikin buhu kafin a loda. In bai rubuta ba, ko ka sake wa motar taya huɗu, buhun haka zai sauka ba suna.

A nan ne dikoda ta biyan kuɗi ta bambanta da risibar kyauta. Kamfanoni irin su DStv da StarTimes suna tattara jadawalin duk tashoshin da ke cikin kunshinsu, su turo shi da kansu, wani ɓangare ne na abin da ake biya duk wata. Risibar kyauta kuwa, irin Strong da 'yan uwanta da suka cika Kasuwar Sabon Gari, ba ta da uban gida. Ana juya dish zuwa Nilesat ko Arabsat ko Eutelsat 16A, ta kwaso duk abin da ta samu, kowace tasha da halinta. Wanda ya saba da dikodar gidan ɗan'uwansa a birni, ya dawo ƙauye ya ga tasa ba ta yin haka, dole ya zaci cutarsa aka yi.

Gwajin da ya kamata a fara da shi

Irin zancen da ake yi kenan in an kira mai haɗa dish:

"Injiniya, hau ka ɗan juya shi, jadawalin ya ɗauke."

"Baba, hoton yana yankewa ne?"

"A'a, hoto lafiya lau."

"To ba a sama matsalar take ba. Miƙo min rimot ɗin."

Mai gyaran da ya san aikinsa zai kai ɗaya daga cikin manyan tashoshin labarai na ƙasashen waje, ya ɗan jira minti ɗaya ko biyu, ya danna INFO. In sunan shiri ya fito da lokacin farawa da na gamawa, magana ta ƙare: risiba na karanta jadawali, dish na kawo shi, waccan tashar ce ba ta turowa. Babu abin da za a gyara, kuma babu kuɗin da ya kamata a biya bayan na zuwa. In kuwa an gwada manyan tashoshi huɗu ko biyar a firikwansi daban-daban duk shiru, to laifin na gida ne, sai a ci gaba da bincike.

Akwai wani hali na risibar kyauta da ke ruɗa mutane. Yawancinsu suna tattara jadawali ne daga firikwansin da ake kallo a lokacin kaɗai. Ka buɗe babban jadawali, za ka ga layin tashar da kake kai ya cika, da na maƙwabtanta biyu ko uku, sauran duk wayam. Ka leƙa waccan tashar ka ɗan tsaya, ka dawo, sai ka tarar nata ma ya cika. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta.

Agogo, wanda ba a cika zargi ba

In tashoshi na turowa amma risiba ba ta nunawa, ko tana nunawa a karkace, agogonta za a fara dubawa. A ganina nan ne mafi yawan matsalar gida take, kuma gyaranta ba ya cin ko sisi.

Duk lokutan da ke cikin jadawali ana turo su ne da agogon GMT. Risiba ce ke ƙara ko rage sa'o'i bisa ƙasar da aka gaya mata tana ciki. Nijeriya tana kan GMT+1 duk shekara, ba ma sauya agogo. Risibar da aka shigo da ita da saitin Saudiyya tana kan GMT+3, ta Dubai GMT+4. Ba a gyara ba, sai jadawali ya ce shirin ƙarfe 8 na dare sai ƙarfe 10 ko 11. A shiga MENU, a nemi wurin saita lokaci, a sa GMT+1. A ƙarƙashinsa akwai wani zaɓi na agogon bazara na Turawa, a tabbata a kashe yake, don in a kunne yake zai ƙara awa guda a banza.

Sai kwanan wata, wanda ya fi wannan ɓarna. Ƙananan risibobi da yawa ba su da batirin agogo a ciki. Da an ɗauke wuta sun manta rana da shekara, sai sun kama tasha su karanto lokaci daga sama. Ƙa'ida ta ce a riƙa turo lokacin aƙalla duk daƙiƙa 30, amma ba kowace firikwansi ke turo daidai ba, wasu agogonsu a karkace yake, wasu ba sa turowa sam. Risibar da ta farka a kan irin wannan tasha za ta ɗauki lokacin ƙarya, ko ta tsaya a wata tsohuwar shekara da kamfani ya sa mata. Daga nan duk jadawalin da ya zo, sai ta ga ba na yau ba ne, ta ƙi nuna shi. Alamar ita ce ka danna INFO ka ga kwanan watan da bai yi kama da na yau ba. Maganin shi ne a kai ta babbar tasha, a kashe a kunna a kanta, ko a mayar da agogon na hannu a rubuta rana da lokaci. Na hannun yana da wahalarsa a inda wuta ba ta tsayawa, don duk ɗaukewa sai an sake.

Masu gidajen kallo suna da wani ruɗanin na daban, wanda ba na risiba ba ne. Ingila da yawancin ƙasashen Turai suna tura agogonsu gaba da awa guda daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka wasan Firimiya na ƙarfe 3 na yammar Asabar a Ingila, ƙarfe 3 ne a Hadeja a Agusta da Satumba, amma daga ƙarshen Oktoba ya koma ƙarfe 4. Wasan dare na gasar Zakarun Turai da ake kallo ƙarfe 8 a farkon kaka, ya koma ƙarfe 9 da sanyi. Duk shekara sai an samu wanda ya rubuta tsohon lokaci da alli a allon ƙofar gidan kallo, yara suka biya suka zauna awa guda suna kallon talla, sannan a ce jadawalin dikoda ne ya yi ƙarya. Bai yi ba, in dai tana kan GMT+1 shi ne mai gaskiya. Haka tashoshin Larabawa: lokacin da suke rubutawa a jikin hotonsu na Makka ne sau da yawa, a cire awa 2. Wanda ke cikin jadawalin risiba kuwa an riga an juya shi zuwa namu, kada a sake cirewa.

Wuta

Yawancin risibobi suna ajiye jadawali ne a ma'adanar wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar wuta ta yanke. A gidan da sai magariba ake tada janareta, ko ake cire waya daga batirin sola da an gama kallo don kada ya zuƙe, kullum risiba daga farko take farawa. Gajeren jadawali zai dawo cikin daƙiƙoƙi. Dogon yana buƙatar mintuna, a dikodar biyan kuɗi ma yakan fi haka kafin na kwanaki ya cika. Mutum ya kunna, ya danna EPG nan take, ya ga wayam, ya yanke hukunci. Da ya ba ta lokaci da ta cika. Inda hali ya yi, a kashe ta da rimot a bar jar fitilar nan tana ci, maimakon a zare ta daga soket.

Cunkoson tashoshi ma na da hannu. Masu haɗawa na son burge mai gida da yawan tashoshi, a yi sikanin, wato a sa risiba ta nemo tashoshin taurari uku ko huɗu, a tara dubbai, fiye da rabi masu alamar dala waɗanda ba za su taɓa buɗewa ba. Ƙaramar risiba mai ƙaramar ma'adana sai ta riƙa nauyi, jadawali na shiga yana fita. A goge na kulle da waɗanda ba a kallo.

In tasha ta yi ƙaura

Risiba ba da suna take gane tasha ba, da lambobi ne: na kamfanin da ya harba, na firikwansi, da na tashar kanta. Jadawali ma da waɗannan lambobin yake zuwa. In tasha ta sauya wuri ko aka sake mata lamba, wani lokaci hoto kan ci gaba da fitowa a tsohon gurbi, amma jadawali ya rasa inda zai sauka. Haka yake faruwa in an ɗoro jerin tashoshi da filasha daga wata risiba, abin da masu gyara ke yi don rage wa kansu aiki. Jerin na iya zama na bara. Gyaran shi ne a goge tashar, a sake sikanin firikwansinta kaɗai. Ba sai an taɓa sauran ba.

In kuma rubutu na fitowa amma wasu irin alamomi ne marasa ma'ana, jadawalin Larabci ne risibar ta kasa karantawa. A duba zaɓin harshen jadawali a MENU, a sa Larabci ko Turanci a gani.

Yaushe ne dish ke da laifi?

A risibar kyauta, jadawali da hoto a firikwansi ɗaya suke tafiya. In hoto bai yanke ba, bai daskare ba, to jadawali ma ya iso in an turo shi. Juya dish ba zai ƙara komai ba, sai dai ya ɓata abin da ke daidai.

Dikodar biyan kuɗi ce ke da togaciya. Irinta takan karɓi dogon jadawali da jerin tashoshi daga wata firikwansi ta musamman ta kamfanin. Wannan ɗin na iya yin rauni alhali tashar da kake kallo tana fitowa. Yakan faru bayan iskar farkon damina ta ɗan ture dish, ko ruwa ya shiga mahaɗar waya a bakin LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina, ta yi tsatsa, ko bishiyar da ke gaban dish ta yi ganye. A shafin sigina akwai sanduna biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi yana iya cika ko dish na kallon wani wuri daban, don yana nuna LNB na samun wuta ne kawai. Na ingancin shi ne abin dubawa. Akwai kuma ƙarancin wuta: risiba na aika wa LNB bolt 13 ko 18 gwargwadon rukunin tashoshin da ake so, kuma in adaftar wutar risiba ta gaji, sai rukuni ɗaya ya ɓace ɗayan na nan. Wanda ya ga rabin tashoshinsa sun tafi tare da jadawali, ya gwada wata adaftar kafin ya sa a hau rufi.

Masu gyara, masu tasha, masu kallo

Mai kallo na ganin an sayar masa da kaya rabi. Yana da 'yar gaskiya, don kwalin ya rubuta EPG ɓaro-ɓaro, mai sayarwa kuma bai gaya masa cewa wannan na nufin risibar za ta iya nunawa in an turo ba ne kawai.

Masu gyara sun kasu. Akwai masu faɗin gaskiya su tafi. Akwai kuma waɗanda maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a mayar da risiba yadda ta fito daga kamfani, ko a ɗora mata sabuwar manhaja. Na farkon yana goge tashoshi, da saitin LNB, da tsarin 'yar na'urar DiSEqC mai raba waya a gidan da ke da LNB biyu ko uku. Mutumin ƙauyen da ya yi wannan da kansa da dare yakan wayi gari babu hoton ma, sai an ɗauko mai gyara daga gari a biya masa kuɗin acaɓa zuwa da komawa. Na biyun ya fi haɗari, don in manhajar ba ta wannan samfurin ba ce, ko wuta ta yanke ana tsakiyar ɗorawa, risiba na iya mutuwa gaba ɗaya. Ba a ce ba su da amfani ba, amma su ne na ƙarshe. Wanda zai yi, ya fara ɗaukar hoton shafin saitin dish da wayarsa, lambobin LNB ɗin nan 9750 da 10600 da lambar kowace kafa ta DiSEqC, ya kuma kwafe jerin tashoshi a filasha.

Masu ƙananan tashoshi kuma za su ce kuɗi ne: haya suke yi a kan tauraro, turo jadawali na buƙatar na'ura da ma'aikacin da zai riƙa shigar da shi, kuma shirye-shiryensu kan sauya ba shiri. Uzurin ya karɓu a kan dogon jadawali. A kan gajeren bai gamsar da ni ba. Tashar da ke iya wallafa jerin shirye-shiryenta a Facebook ta riga ta yi rabin aikin, kuma masu kallonta na ƙauye, waɗanda dish ne hanyarsu ba data ba, su ne ba sa ganin waccan wallafar.

Abin da ke ɓacewa tare da jadawali

Ba sanin lokaci kaɗai ake rasawa ba. Risiba mai kafar filasha tana iya naɗar shiri, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓe shi daga jadawali. In babu, sai a koma saita lokaci da hannu: tasha, rana, farawa, gamawa. Yana aiki, muddin agogon risibar daidai yake, kuma a ƙara mintuna kaɗan gaba da baya don tashoshinmu ba sa cika farawa a kan lokaci.

Wanda ya fi muhimmanci ga magidanta shi ne makullin shekaru. Mutum ya shiga MENU ya sa kada a nuna abin da ya wuce na 'yan shekara 12, ya tafi gona hankali kwance. Alamar shekarun kowane shiri a cikin jadawalin nan take zuwa. Tashar da ba ta turo jadawali ba, ba ta turo alamar ba, makullin kuma ba shi da abin da zai kama, komai zai wuce. A risibar kyauta abin dogaro shi ne a kulle tashar kanta da lambar sirri, ko a goge ta daga jeri. A kuma sauya lambar da ta zo da ita, don 0000 da 1234 babu yaron da bai san su ba. Duk sa'ad da aka sake sikanin, a koma a duba jerin, saboda tashoshin da aka goge kan dawo, kuma suna dawowa ne a buɗe.